Darasin Juma'a: Takardun Yaro Kafin Jarrabawar JAMB

Da yawa cikin yaranmu da suka gama sakandare suka koma acaɓa a Suleja suna da ƙwaƙwalwa, sai dai babu wanda ya nuna musu hanya. To, iyaye a saurara.

Jami'a na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai. JAMB kuwa tun 2021 ba ta yi wa yaro rajista sai da lambar NIN. Nan ake yawan tuntuɓe. Suna Muhammadu a makaranta, Mamman a katin NIN, shekara guda ta tafi wajen gyara. A duba tun yaro yana aji biyar.

Mu da muka zo daga Kano, Katsina ko Sakkwato, akwai ƙarin aiki: takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali. Jami'ar jiha, irin ta IBB da ke Lapai, tana bambanta kuɗin ɗan jiha da na baƙo. Don haka a gwada ta tarayya, kamar FUT Minna. Akwai kuma rancen NELFUND da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa.

Har 'yan mata, don Allah. Mai tambaya ya same ni bayan La'asar.