Telan da ke Ƙera Motocin Jandarma da Gwangwani

TAMBAYA: Sunana Lawali, tela ne ni a Badagishiri, ina da mata da 'ya'ya biyu. Tun ina yaro nake ƙera motocin kara da na gwangwani, kuma har yau ban daina ba. In na rufe shago da dare sai in zauna in haɗa ƙananan motoci, musamman irin na jandarma da 'yan sanda da ke bin hanyar Ƙwanni zuwa Tawa. Yayana ya ce abin kunya ne a ga magidanci yana wasan yara, ya kuma ce wata rana hukuma za ta kama ni saboda rubuta sunanta a jikin mota. Ban da wannan, fentin da nake shafawa ɓarewa yake yi, motar kuma ba ta cika kama da ta gaske ba. Shin in haƙura in bari ne?

AMSA: Malam Lawali, Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya zuri'a. Tambayoyi uku ka ƙunso a wasiƙa ɗaya: ko wannan aiki ya dace da magidanci, ko laifi ne a wurin hukuma, sai matsalar fenti da fasali. Na lura ta farkon ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya, don haka da ita zan fara.

Kada ka bari, ɗana. Amma kada ka riƙe yayanka a zuci. A ƙasarmu an saba ganin motar kara a hannun yara bayan girbi, lokacin da karan dawa ya wadata, su ja ta da zare cikin ƙura har ta karye su yi wata. Wanda bai taɓa ganin babba yana wannan aiki ba, dole ya ɗauka ƙuruciya ce ba ta sake ka ba. Mutuncinka yake karewa, yana tsoron bakin mutane. Wannan ƙauna ce, ko da ta zo da kaushin harshe.

To amma mu duba yadda sauran magidanta ke cin darensu. Wani yana fada ana dafa shayi har sha biyu, wani yana kan dara, wani ya tafi gidan kallon ƙwallo, wani ya duƙufa a kan waya. Ba wanda ke ce musu yara. Kai kuwa kana cikin gidanka, iyalinka na ganinka, kuma da safe akwai abin da za ka nuna. Ni dai a ganina kai ka fi su riba.

Abin da za ka auna kanka da shi kaɗan ne. Shin yana sa ka jinkirta salla? Yana taɓa kuɗin cefane? Yana sa ɗinkin mutane ya kwana, musamman in salla ta matso kowa na jiran kayansa? In amsar a'a ce, ka kwantar da hankalinka. In kuwa ɗaya daga ciki ya fara faruwa, to yayanka ya samu hujja, sai ka rage.

Ka kuma sani ba kai kaɗai ba ne. A 1934 kamfanin Meccano na birnin Liverpool a Ingila ya fara sayar da ƙananan motocin ƙarfe da sunan Dinky Toys. Matchbox ya biyo baya a 1953, sannan Majorette a Faransa a 1961. Don yara aka fara yin su, sai yaran suka girma suka ƙi rabuwa da su. Yau akwai likitoci da tsofaffin ma'aikata da ke sayen mota a wargaje cikin kwali daga kamfanoni irin su Tamiya na Japan, su shafe makonni suna haɗawa da fenti. A cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa komai sai motocin jami'an tsaro: shuɗiyar Renault 4 da jandarmomin Faransa suka daɗe suna hawa, ko Ford Crown Victoria ta 'yan sandan Amurka, ko mai baƙi da fari ta Japan. Su an yanka musu komai a masana'anta. Kai daga gwangwanin madara kake farawa, aikinka ya fi nasu wuya.

Manyan kamfanonin mota ma, duk da kwamfuta, har yanzu sukan sassaƙa sabuwar mota da wani irin yumɓu, ƙarama tukuna sannan babba, kafin a narka ƙarfe ko ɗaya. Maƙwabcinmu Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, a wannan fanni na zana fasalin mota ya yi suna a kamfanin General Motors, shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007, daga baya a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Ban kawo shi don in yi maka alkawarin Amurka ba. Na kawo shi ne don ka ga idon da ke gane tsayin gilashi da lanƙwasar ƙofa ido ne da ake biyan kuɗi a kansa.

Ko da wani zai kawo maka maganar addini, abin da malamai suka tattauna a kai shi ne surar abu mai rai. Mota ba ta da rai. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka bar kujerar direba babu kowa.

Sai batun hukuma. Abin da doka ke hukuntawa shi ne mutum ya sa kakin da ba nasa ba, ko ya yi shigar jami'i don ya yaudari jama'a, ko ya yi wa babbar mota alamar hukuma. Motar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ba ta tare kowa a hanya. A shagunan duniya ana sayar da irinta a fili.

Sai dai a nan yayanka yana da rabin gaskiya, kuma ina roƙonka ka ji wannan da kyau. Kowa ya san halin tsaro da jihar Tawa ke ciki, jami'ai a ɗarare suke. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton motarsu, ko a shinge, ko a ƙofar barikinsu, ko ranar kasuwa. Kada ka tsaya kusa da ita kana rubuce-rubuce. Kafin ka gama bayanin cewa abin sha'awa ne, ka riga ka kwana a inda ba ka so. Launi da rubutu ka riƙe su da ido, ko ka duba hotunan da hukuma da kanta ke fitarwa a Télé Sahel da jaridar Le Sahel. Kada ka kwafi lambar wata mota ta gaske, ƙirƙiro taka. In za ka sa hoto a Facebook ko WhatsApp, ka ajiye ashana ko hannunka kusa da motar, domin hoton da aka ɗauka dab da ita yakan yi kama da na gaske, wani ya ɗauka ya haɗa masa labarin ƙarya.

Awo kuwa ba sai a jikin motar jandarma ba. Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da Hilux da suke hawa, jikinsu ɗaya ne da na farar hula. Ka je tasha ko garejin wani makanike da kuka saba, ka nemi izini, ka auna a natse.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa motarka ba ta kama da ta gaske. Kusan kullum laifin rashin awo ne. Kai tela ne, ka san rigar da aka yanka da ido ba tare da tef ba, ko an yi mata aikin da ya fi kowane kyau, ba ta zama a jiki. Masu wannan aiki sukan zaɓi lamba guda su raba kowane awo da ita. Waɗanda aka fi sani su ne 18, 24, 43 da 64. Ga mai aiki da gwangwani, 24 ta fi daɗi: ba ta yi ƙanƙantar da almakashi zai gaza ba, ba ta kuma cin gwangwani da yawa.

Ga misali. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tsawonta ya kai kimanin santimita 520, faɗinta wajen 180, tsakanin tayar gaba da ta baya 318. In ka raba da 24, za ka samu tsawo kusan 22, faɗi 7 da rabi, tsakanin tayoyi 13 da ɗan ɗoriya. Tayar da ta kai santimita 80 za ta koma 3 da 'yan kai. A nan mafi yawan masu ƙira ke faɗuwa: su gama jiki, sannan su nemo duk murfin da ya samu su liƙa. Taya ita ke fara tona asiri. Ka fara samun tayar, ka yanko ta daga tsohon silifas da bakin bututun da ya yi daidai, sannan ka gina sauran a kanta. Da Land Cruiser nake ba ka shawara ka fara, don jikinta a miƙe yake, tun 1984 da aka fito da wannan samfuri bai sauya sosai ba. Sabuwar Hilux duk lanƙwasa ce, tana wahalar da gwangwani.

Ka zana kowane ɓangare a kwali, ka haɗa da gam ka gani, ka gyara, sannan ka ɗora a kan ƙarfe. Gwangwanin madara da na tumatir suna karɓar dalma. Na lemo, mai laushin nan, ba ya karɓa, sai gam mai bututu biyu da ake cakuɗawa. In ba ka iya dalma ba, masu yin mazurari da fitila a kasuwarku sun fi kowa sani, ka zauna wurinsu yini ɗaya. Wayar ƙafar keke ta isa sandar taya, ka zura ta cikin bututun biro. Gilashi daga gorar ruwa. Fitilar saman mota kuwa, shuɗin mariƙin buroshin haƙori mai ɗaukar haske, in aka yanka aka goge, ba ka ce ba ita ba ce.

Yanzu fenti. Gwangwani yana zuwa da santsi da maiƙo, ga kuma zanen kamfani a kansa, fenti ba ya samun wurin kamawa. Ka goge shi da sanfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu, ka wanke da omo, ka shanya ya bushe sarai. Daga nan kada yatsanka ya sake taɓa shi, ka soke shi a kan waya ka riƙe. Ka fara da fentin hana tsatsa, shafi ɗaya siriri, ka bar shi ya kwana.

Launin gaske ka tsinka shi ya yi ruwa-ruwa, ka yi shafi biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. Na san zuciya takan so a gama a dare ɗaya. Amma fenti mai kauri samansa ke bushewa cikinsa na ɗanye, ya cike layin ƙofa, daga baya ya tashi kamar ɓawo. Kada kuma ka fesa fentin gwangwanin feshi a kan fentin mai, yakan ci na ƙasan ya yamutse. Iri ɗaya za ka bi daga farko har ƙarshe, in kuma kana shakka ka gwada a kan guntun gwangwani. Masu fentin mota da babur a Ƙwanni sukan rage 'yan kaɗan a gindin gwangwani, abin da ba zai ishe su komai ba kai zai yi maka mota biyar.

Ƙurar yankinku kuwa sai dabara. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, da ka gama ka kifa kwali a kan motar. Da bazara ka yi aikin da sassafe a inuwa, don rana na busar da fenti tun bai kwanta ba. Kada ka bar gwangwanin feshi a rana ko kusa da murhu, yana iya fashewa.

Wajen ratsi, fari ko mai haske ake fara shafawa, a rufe shi da salatif na takarda, sannan a bi da mai duhu. Ka cire salatif ɗin a hankali tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba. Rubutu da buroshi a wannan ƙanƙanta yana da wuyar fita. Gara ka je wurin masu kwamfuta su buga maka shi a girman da ka auna, ka yanke dab da haruffa, ka liƙa, ka bi da man ƙyalli siriri. Shawarata kada ka sa ƙyallin ya yi yawa. Motar da ke bin hanyoyinmu ba ta sheƙi. Ɗan garin jar ƙasa a gindin ƙofa da bayan taya yakan sa mai kallo ya tsaya ya sake dubawa.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: yawancin dalmar kasuwa akwai gubar da ke lahanta ƙwaƙwalwar yara a cikinta, irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ka yi dalma da feshi a waje, ba a ɗakin kwana ba, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci ko ka ɗauki yaro. Bakin gwangwani ka naɗe shi ciki. Waɗannan motoci na ajiya ne a sama. 'Ya'yanka ka yi musu nasu da kara.

In hannunka ya faɗa, kada ka tsaya a kan jandarma kaɗai. Ga manyan motocin albasar Galmi, ga masu ɗaukar simintin Malbaza, ga na shanu da ke cika kasuwarku. Direba yana son motarsa fiye da yadda kake zato, kuma zai iya biya a yi masa ƙaramarta da launinta da rubutun da ke bayanta. Yayanka kuwa kada ka yi gardama da shi. Ka nemi ya riƙe maka bakin tef ranar da za ka je awo gareji.

Ka rubuto mana yadda fentin ya kasance. Allah ya taimaka.