Amsar Tambaya: Auna Nauyin Atisayen Keke da Bugun Zuciya

Malam, ina atisayen keke a hanyar Lafiya zuwa Doma, ba ni da na'urar auna ƙarfin taka feda. Yaya zan yi?

Ɗana, haƙiƙa agogon auna bugun zuciya ya wadatar, muddin ka ɗebe shekarunka daga 220 domin ƙiyasta ƙurewar bugun, sa'an nan ka bi ƙa'idar Sally Edwards, wadda ta kasa bugun daraja 5, daga rabin ƙurewa zuwa ƙarshenta, ana ninka mintocin kowace daraja da lambarta. Wato minti 30 a daraja ta 3 maki 90 ke nan. Amma fa zafin Maris a Lafiya yakan daɗa bugun alhali aikin bai ƙaru ba, don haka ka fita bayan sallar Asuba, ka riƙa rubuta jimillar makin kowane mako, ka ƙara ta sannu a hankali.