Damina Ta Sauya Hali

Dattawan ƙasashen bakin Hamada ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da gero ya bushe tun bai fid da kai ba, shanu suka mutu birjik, Tafkin Chadi kuma ya janye nesa da Baga. Daga baya ruwa ya komo, amma ba yadda aka san shi ba. Yanzu akan yi kwana da kwanaki babu ko ɗigo, sa'an nan sama ta tsuge dare ɗaya.

Dalili kuwa, iska mai zafi ta fi ɗaukar danshi, watau muddin duniya tana ƙara ɗumi, hadari zai riƙa ƙara ƙarfi. Ƙasar da ta zama fako kuwa ba ta shan ruwa. Bisa kanta yake gudu, ya kwashe taki, ya faɗa wa gidaje, kamar yadda ya auku a Agadas cikin 2009.

Manoman Maradi da Damagaram sun daina sare tohon gawo da kalgo a gonakinsu, gama saiwa tana riƙe ƙasa. Mai fako kuma lalle ya haƙa ƙananan ramuka, ya zuba taki tun kafin ruwan shuka.