Ina Karatu Amma Ba Ya Zama: Amsa Ga Hauwa'u Daga Kibiya

TAMBAYA

Sunana Hauwa'u, ina aji uku na babbar sakandare a Kibiya. Na ci jarrabawar kwalifayin tun ina aji biyu, bana zan zauna NECO, mahaifina kuma yana ta fafutukar biya mini WAEC. Damuwata ita ce ina karatu amma ba ya zama. Sai in raba dare ina bin littafi da tocila har idona ya yi ja, in ji kamar na iya, amma da an raba takarda sai gabana ya faɗi, komai ya gudu. Turanci da Lissafi su suka fi ba ni tsoro. Wata ƙawata a Rano ta ce in daina wahalar da kaina, wai ana samun amsa a waya. A Islamiyya na haddace izu goma, amma a boko sai in ga kamar ba ni ba. Malam, anya kaina lafiya kuwa?

AMSA

'Yata Hauwa'u, Allah ya yi miki albarka, ya kuma buɗa wa mahaifinki. Idan na fahimce ki, kina tambayar dalilin da ya sa karatun da kike sha wa wahala yake zamewa daidai lokacin da kike buƙatarsa, kuma zuciyarki ta fara raya miki cewa laifin ƙwaƙwalwarki ne.

Ki kwantar da hankalinki, kanki lafiya lau. Yarinyar da ta riƙe izu goma, ta kuma tsallake kwalifayin, babu mai ce mata daƙiƙiya. Na san zafin abin da kike ji: ki hana idonki barci, ki ga abin da mahaifinki yake tattarawa da gumi, sannan ki zauna gaban takarda hannu yana rawa. Ɗalibai da yawa daga Rurum har Kibiya suna cikin wannan hali, sai dai ba kowa ke da ƙarfin halin faɗa ba.

To, ki tuna yadda kika yi haddar nan. Malama ta biya miki, kin maimaita, sannan kin rufe Alƙur'ani kin karanto da ka. Inda kika kakare an ɗora ki. Washegari kin kawo hadda, bayan kwanaki kuma an sake komawa baya don tilawa. Amma da kika ɗauki littafin Bayoloji sai kika bar wannan hanya gaba ɗaya, kika koma bin shafi da ido, ki kai ƙarshe ki sake dawowa farko. Idon ya saba da shafin, sai ya ruɗe ki cewa kin iya. A ɗakin jarrabawa kuwa babu shafi, abin da ake nema shi ne ki fito da karatu daga ka, kuma wannan ne aikin da ba ki taɓa gwadawa a gida ba.

Masana sun daɗe da auna wannan. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma komawa kan abu lokaci bayan lokaci yana rage mata gudu. A 2006 kuma wasu malamai biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu suka karanta sau ɗaya, sannan aka riƙa karɓe takardar ana sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu rubutawa da ka sun tuna kashi 61. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, masu maimaitawar su ne suka fi sakankancewa cewa za su tuna. Kin ga “in ji kamar na iya” ɗin nan naki ba ke kaɗai yake yaudara ba.

Ga yadda za ki yi. Ɗauki darasin zuciya da zagayawar jini. Karanta shi a tsanake na minti ashirin, sai ki rufe littafin ki kife shi. Jawo farar takarda, zana zuciya da ɗakunanta huɗu, sa wa kowane sunansa, ja layin da ke nuna ta inda jini yake shigowa, ta inda yake tafiya huhu, da ta inda yake dawowa. Za ki kakare, wataƙila tun a ɗaki na biyu. Kada ki yi saurin leƙawa, ki ɗan matsa wa kanki tukuna. In kin gama sai ki buɗe littafi, ki cike abin da kika bari da jan biro. Abin da ya fito da ja shi ne karatunki na gobe, sauran kin riga kin iya. Ki sake zanen gobe, ki sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Hanyar tana da ɗaci da farko don tana nuna wa mutum gibinsa ƙiri-ƙiri, amma gara ki gan shi a tsakar gida da ki gan shi a gaban mai tsaron jarrabawa.

Raba dare kuwa ki bar shi. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka zuba mata da rana. Awa ɗaya bayan sallar Asuba, kafin gida ya kaure da hidima, ta fi awa uku na gyangyaɗi da tocila. Ki ƙara wata awar da yamma, kuma ki riƙa cakuɗa darussa: Lissafi kullum, ko da tambaya uku ce, sauran kuma bi da bi.

A nan ina da roƙo ga iyaye masu karanta wannan shafi. WAEC takan faɗo a Mayu da Yuni, NECO a Yuni da Yuli, daidai lokacin da damina take sauka a ƙasar Rano, ana neman kowane hannu a gona. Don Allah a ɗaga wa masu jarrabawa ƙafa na 'yan makonnin nan, a rage wa 'yan mata ɗiban ruwa da girki, a rage wa samari shuka da noman fari. Wanda ya biya kuɗin jarrabawa, ya kamata ya ba da lokacin shirya mata.

Sai Lissafi. Ba a karanta shi, yin sa ake yi. Ki nemi littafin tambayoyin shekarun baya, in kuɗi bai kai ba ku haɗa ku uku ku saya. Yadda WAEC ta saba tsara takardar, akwai canki-canka 50 a awa ɗaya da rabi, sai tiyori mai tambayoyi 13 da ake amsa 10 a awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sai ki zaɓi biyar cikin takwas. In kin raba, kowace tambaya minti 15 take da shi. Saboda haka sau ɗaya a mako ki ajiye agogo a gabanki, ki zauna kamar a ɗakin jarrabawa, ba leƙe, ba tashi.

Akwai abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Mai duba takardar tiyori yana bin aikinki layi-layi, yana ba da maki a kan hanya, sannan ya ba da na amsa. Wadda ta rubuta ƙa'idar daidai, ta zuba lambobi daidai, ta yi tuntuɓe a ƙarshe, ta tsira da wani abu. Wadda ta yi aikin a gefe ta kawo amsa tsirara tana iya tashi da kaɗan ko da amsar daidai ce. Don haka duk abin da kika sani game da tambaya, ki sa shi a takarda.

A Turanci, insha'i yana da maki 50, kuma ana son kalmomi kusan 450. Maki 10 na abin da kika faɗa ne, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure yake cin wani abu. Shawarata ita ce gajerun jimloli masu tsabta. Manyan kalmomin da ba ki da tabbas a kansu asara suke jawowa. Ki iya tsarin wasiƙar hukuma da ta zumunci kamar sunanki, ki rubuta insha'i ɗaya duk mako ki kai wa malaminki ya yi miki gyara. A sashen taƙaitawa kuma, cikakkiyar jimla ake so, da kalmominki, ba a kwaso layin marubuci ɗungurungum ba.

Yanzu batun faɗuwar gaba. Yawancin tsoron nan na rashin sabo ne, kuma zaman agogon da na ce ki riƙa yi zai rage shi sosai. Ranar jarrabawa ki karya kumallo, ki isa da wuri da biro biyu da fensir da magogi, kuma ki nisanci masu taruwa a bakin aji suna tambayar juna “kin karanta kaza?” Da an ba ki takarda, ki yi bisimilla, ki ja numfashi a hankali, ki karanta umarni har ƙarshe. Fara da tambayar da kika fi iyawa, ki rubuta lambarta a fili. Da hannu ya kama, sauran karatun yakan biyo baya. In wata ta gagara, bar mata fili ki wuce, ki dawo daga baya. A canki-canka ki fara fitar da amsoshin da kika tabbata ba su ba ne, kuma kada ki bar gurbi. Ki ajiye minti goma na ƙarshe don duba suna da lamba da kurakurai.

Maganar ƙawarki ta Rano, ban ɗauke ta muguwa ba, ita ma tsoro ne yake damunta. Amma kada ki bi ta. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, akwai dokar 1999 a kansa, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi, wani lokaci abin ya shafi cibiya guda har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Da yawan masu tallan amsa a waya 'yan damfara ne. Ko an ci da haka ma, JAMB tana jira a gaban kwamfuta: tambaya 180 a awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace, kowa da allonsa. In akwai inda za ki taɓa kwamfuta a Rano ko Kano kafin ranar, ki je hannunki ya saba. Ita kuma ƙawar taki, jawo ta ku riƙa yi wa juna tambayoyi littafi a rufe. Wanda ya yi wa wani bayani da bakinsa, nan take yake gane inda bai fahimta ba.

Abin da ake nema a wurinki kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi, daga C6 zuwa sama. Da su ake neman Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko kwalejin Sa'adatu Rimi. Makarantu da yawa ma suna karɓar haɗin sakamakon zama biyu a kwasa-kwasai da dama, saboda haka takarda ɗaya ba ita ce ƙarshen komai ba.

Ki fara gobe da Asuba da darasi guda da farar takarda guda. Bayan mako uku ki sake rubuto mini, ki gaya mini darussan da jan biro ya fi yawa a cikinsu, sai mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Ki gaishe mini da mahaifanki da malamanki. Allah ya ba ku sa'a, ke da duk 'yan ajinku.