Darasin Sana'a: Haɗa Akwatin Lasifika a Agyaragu

Garin Agyaragu yana kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi a Jihar Nasarawa, kuma ya yi suna wajen cinikin doya. A gari irin wannan, masallatai da majami'u da masu hayar kayan biki da 'yan talla duk suna bukatar lasifika. Kafintan da ya iya haɗa akwatinta ya sami ƙarin hanyar abinci, amma wanda ya haɗa da ka yakan jawo wa mai kaya asara.

Dalili kuwa shi ne, lasifika tana tura iska ta gaba da ta baya. Idan babu akwati, sautin baya yakan kashe na gaba, sai kaurin murya ya ɓace. Injiniya Neville Thiele na Ostareliya a 1961, da Richard Small a farkon shekarun 1970, su ne suka tsara lissafin da ke nuna girman akwatin da ya dace da kowace lasifika. Saboda haka wajibi ne a sayi lasifikar tukuna, a duba litar da kamfani ya ƙayyade, sannan a ɗauki zarto.

Lissafin ba shi da wuya. Akwatin da cikinsa ya kai santimita 60 a tsawo, 40 a faɗi, 30 a zurfi, yana ɗaukar lita 72. Fallen filawud ɗaya mai ƙafa 4 da ƙafa 8 zai fitar da irinsa biyu, muddin aka tsara yankan kafin a fara. Mai kaurin milimita 18 ya fi dacewa, domin sirara yakan yi rawa. Katakon MDF kuwa yakan kumbura idan ya sha laima, don haka bai dace da kayan hayar da ake fita da su da damina ba.

A haɗa kowace gaɓa da gam da kusa, a toshe duk wata kafa, a gitta katako a ciki, a shimfiɗa soso a bango. Kazalika a lura da waya: lasifika biyu masu om 8 da aka haɗa kafaɗa da kafaɗa sukan koma om 4, kuma amfilifayar da ba ta iya ɗaukar haka takan ƙone.

Mai saye ya ƙwanƙwasa akwatin kafin ya biya. Idan ya yi amo kamar ganga, aikin bai kammala ba.