Amsoshin Tambayoyinku: Tuƙin Jirgin Sama a Cikin Ɗaki

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wai da gaske mutum zai iya haɗa mazaunin matuƙin jirgin sama a gidansa?

To malam, da gaske ne, sai dai jirgin ba ya barin ƙasa. Tushen abin manhajar kwaikwayon tuƙi ce, irin su X-Plane ko Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982. Masu sha'awar kan sa kafinta ya yanka musu katako, su jera makunnai da agogunan nuna gudu da nisa daga ƙasa. A bayan katakon ake maƙala Arduino, wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, manhajar MobiFlight kuma ta haɗa ta da kwamfuta. Kana murɗa makunni, sai ka ga tayoyin jirgin sun sauko a allo.

Jiragen ma ƙara su ake yi a cikin manhajar kwaikwayon: Boeing 737 na kamfanin PMDG sai da kuɗi, Airbus na FlyByWire kuwa ko sisi.

Amma fa sa'o'in ɗaka ba sa shiga lissafin lasisin tuƙin jirgi. Wannan sai makaranta, ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi nan a garinku tun 1964.