GOBARA A KASUWA DA GIDAN TARAYYA

Ya kai mai gida, idan hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, an jibge kara a bayan danga, rumbuna sun cika, iska kuwa ba ta kwanciya. To, wannan shi ne lokacin gobara a ƙasar Daura, tun daga birni har Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure.

Gobarar gidan da mutane da yawa suke zaune ta fi muni, gama sakacin mutum ɗaya kan cinye dukiyar mutum ɗari. A watan Maris na 2021 wuta ta ci shaguna masu yawa a babbar kasuwar Katsina. A watan Nuwamba na shekarar nan ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka rasu cikin dare a Ƙauran Namoda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA WUTA KE BUKATA

Wuta ba ta ci sai da abu uku: abin da za ta ƙona, da iska, da zafi. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa yana kashe zafi. Yashi da jiƙaƙƙen bargo suna hana ta iska. Amma kada ka zuba ruwa a wutar fetur ko ta man suya, don mai yana hawa kan ruwa ne, ya bi shi ya bazu. Wutar lantarki kuma sai an kashe ta daga tushe tukuna.

DOKOKI GA MAI SHAGO DA MAI GIDAN HAYA DA MALAMIN TSANGAYA

1. Ka ajiye bokitin yashi da randar ruwa kusa da ƙofa. In kana da hali ka sayi tukunyar kashe gobara, ka koyi aiki da ita.
2. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana, ko kusa da mai shayi da mai tsire.
3. Kada ka zuba wa janareta mai yana aiki, kada kuma ka tashe shi cikin ɗaki. Hayaƙinsa yana kisa.
4. In ka ji warin gas, ka rufe tukunyar, ka buɗe taga. Kada ka ƙyasta ashana.
5. Kafin ka rufe shago ka kashe kayan lantarki duka, ko da an ɗauke wuta. Ba ka san sa'ad da za a maido ta ba.
6. Kada a toshe hanya da kaya. Ɗakin da jama'a ke kwana ya kamata ya zama da mafita biyu.
7. Kada a kulle yara ta waje da kwaɗo, kada kuma a kwana da kaskon wuta a ɗaki.

IDAN TA KAMA

Ka yi kururuwa, a fitar da mutane tukuna, kaya daga baya. In hayaƙi ya cika ɗaki ka yi rarrafe, gama iska mai kyau tana ƙasa. Wanda ya fita kada ya koma. A aika wa 'yan kwana-kwana nan da nan. Amma ka tuna ƙauye da nisa, maƙwabta su ne taimako na fari.

Wanda rigarsa ta kama kada ya yi gudu. Ya kwanta ya yi birgima. A yi ta zuba wa ƙunar ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko tawada, ko kashin shanu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti.

Ka kai wannan takarda wurin mai unguwa da sarkin kasuwa, ku zaga tare ku duba. Wanda bai iya karatu ba, ka karanta masa.